Geji ya hau, wuta ta ƙi kamawa

Ku da kuka shigo da bidiyo a waya kuna cewa in haɗa muku irin wannan tukunyar kafin Juma'a, ku ja bencin can ku zauna tukuna. Na ga abin da kuka gani: ganga, murfi, tiyo, sai wuta shuɗiya tana ci a ƙarƙashin tukunyar shinkafa. A ganinku walda ce kawai, a liƙa ƙarfe da ƙarfe a ɗaura agogo a kai. Waldar ita ce mafi sauƙi a aikin. Na fi shekara talatin ina haɗa tukwanen da ake rufewa ruf, a bar abu ya yi aikinsa a ciki har iska ta taru, kuma har yau duk tukunyar da na ɗaure murfinta daga gefe nake tsayawa, ba a gabanta ba.

Sunana Haladu. Jirgin ƙasa ne ya kawo kakana Minna daga Kano, ya zauna yana sayar da goro a bakin tasha. Mahaifina tela ne. Ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba, shi ya sa ya kai ni wajen Oga Bitrus a Dutsen Kura ina ɗan shekara sha bakwai. Oga Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin gyaran tukunyar jirgi, da aikin ya ƙare ya buɗe rumfar walda. Ba shi da surutu. Hausarsa irin ta Minna ce, bai damu da raba mace da namiji a magana ba, amma in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa.

Aikin da ya fara damƙa mini shi ne tukunyar kabaid. A lokacin walda da lantarki sai manyan rumfuna, mu da iskar kabaid muke yi. Tukunyar ƙarfe ce da ta kai ƙugu, da ruwa a ƙasanta, da ɗan kwando da ake zuba duwatsun kabaid a ciki. In ka ɗaure murfi ka saukar da kwandon ya taɓa ruwa, sai ka ji cikinta na tafasa kamar an jefa garwashi a randa. Iska mai warin tafarnuwa ta taru, ba ta da inda za ta je, tunda ƙarfe ba ya miƙewa kamar balan-balan. Sai ta yi ta tura bango, allurar geji ta fara hawa. Geji shi ne wannan da kuke ce wa agogo, mai nuna ƙarfin da iska ke matsa tukunya da shi.

Kullum da safe ni ke buɗe ta, in kwashe farin dagwalon jiya, in zuba sabon ruwa da sabon dutse. Ran farko da na ga allura ta hau, na miƙa wa Oga tocin walda ina jin kaina. Bai karɓa ba. Ya ja tiyon ya fitar da bakinsa bayan rumfa, nesa da wuta, ya buɗe bawul, ya bar iskar tana huci a banza har allura ta kusa kwanciya.

Na ce, "Oga, ai wannan asara ce."

Ya ce, "Iska na farko ba naka ba ne. Ka bar shi ya tafi. Na biyu ne naka."

Na tambaye shi dalili. Ya ce haka wanda ya koya masa yake yi, kuma mutumin ya mutu da yatsunsa goma. Iyakar bayanin ke nan.

A wajensa na koyi kayan aikin da ba a ganinsu a bidiyo. Akwai gwangwanin ruwan sabulu da gashin kaza, da ake shafa wa kowane ɗinkin walda; inda ya yi kumfa, nan iska ke sata ta fita. Akwai robar murfi, da nake yankawa daga tsohon tub na tayar babbar mota, kuma ba a mayar da wadda aka taɓa matsewa sau biyu. Notunan murfi ba a ɗaure su a jere. Ka ɗaure na gabas, ka tsallaka na yamma, ka dawo kudu, ka je arewa, kaɗan-kaɗan, har murfin ya zauna daidai. Sabuwar tukunya kuma da ruwa ake gwada ta kafin iska. Ruwa in ya fasa ɗinki tsartuwa zai yi ya jiƙa maka wando. Iska in ta fasa, da ƙarfen take tafiya.

Shekarata ta shida a wajensa kabaid ya yi wuya a gari. Masu walda na nema, masu nunar da ayaba da mangwaro na nema, sai ka zagaye kasuwa ka dawo da abin da bai cika leda ba. Wata safiya wani direban motar itace ya kawo motarsa, salansar hayaƙi ta tsage, yana ta duba rana, wai zai kama hanyar Bida kafin azahar. Dutsen da ya rage mana bai cika tafin hannu biyu ba. Na wanke tukunya, na zuba, na ɗaure. Allura ta hau ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum. Na duba ta, na duba tsawon tsagar, na ga in na saki iskar farko abin da zai rage ba zai kai mu ƙarshen ɗinkin ba. Oga yana ƙarƙashin mota yana goge wurin. Na miƙa masa toci ban ce komai ba, na zaga bayan motar ɗauko wayar walda.

Na ji ƙarar ashana, na ji wutar ta yi fat-fat sau biyu, sannan ta bi tiyo ta koma cikin tukunya. Murfin ya tashi ya huda kwanon rumfa, a bayan gidan maƙwabta aka tsince shi. Motar ce ta kare ni. Oga Bitrus ya riga ya fito daga ƙarƙashi yana tsugune kusa da tukunyar. Hannunsa na dama ya ƙone har gwiwar hannu, kunnensa na hagu kuma bai ƙara jin komai ba.

Sai da ya kwana huɗu a asibiti kafin ya fara jin magana da ɗaya kunnen. Na matsa kusa da shi na ce, "Oga, ban saki iskar ba."

Ya ce, "Na sani. Ban ji hucinsa ba, kuma na kunna. Ka yi rabi, na yi rabi. Je ka rufe kwanon kafin ruwa ya sauka."

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Maƙwabta suka je wajen mai unguwa a kan a tashe mu, sai da dattawa suka sa baki. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Wata bakwai ina zuwa rumfar wani a Fadikpe ina ɗinka masa ƙofofi da tagogi. Hannun Oga ya warke amma yatsun ba su koma riƙe toci ba. Da kaka ta yi ya tattara iyalinsa ya koma gida, ya bar mini rumfar da duk abin da ke cikinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gejin. Bai yi ƙarya ba. Inda ya nuna ran da muka yi aiki lafiya, nan ya nuna ran da murfi ya tashi. Tun daga ranar ban ƙara fashin sakin iskar farko ba, amma na yi shekaru ina yi ba tare da na san me nake saki ba.

Da ɗaliban injiniya na jami'ar da ke Gidan Kwano suka gane akwai mai haɗa tukunya rufaffiya a Dutsen Kura, sai aikina ya juya. Duk ƙarshen zango za ka gan su da takarda a nannaɗe. Wannan zai dafa ledar ruwa ya ga ko za ta ba da mai, wancan zai ƙona buntun shinkafa ba tare da iska ta shiga ba, wata za ta jiƙa ɓawon kaɗanya. Zanensu yakan yi kyau, da layi a miƙe da lambobi, amma sau da yawa babu inda iska za ta fita in ta yi yawa. Wani ya taɓa kawo mini tsohuwar tukunyar gas ta girki wai in yanka in sa murfi a ranar. Na ce sai na cika ta da ruwa ta kwana, kuma sai na sa bawul ɗin da ke buɗe kansa in matsi ya wuce. Ya ce babu shi a zanen. Na ce to babu ni a aikin. Ya tafi, washegari ya dawo.

A cikinsu wadda aikinta ya fi zauna mini ita ce Rifkatu. Tana shekarar ƙarshe, siririya, ba ta rabo da wani littafi mai baƙin bango. Mahaifiyarta na sayar da abinci a Fadikpe, sakwara da tuwo da miya, da itace take girki tun kafin a haifi Rifkatu, har hayaƙi ya sa idanunta kullum jajaye suna ruwa. Kowace rana ana zubar da ɓawon doya kwando biyu a bayan rumfar. Tunanin Rifkatu shi ne a haɗa ɓawon da kashin shanu da ruwa, a rufe a tukunya, su ruɓe su ba da iskar girki. Za ta gwada a ƙarama don aikin makaranta, in ya yi kuma in haɗa wa uwar babba.

Na haɗa mata ƙaramar da farantin ƙarfe mai kauri, na gwada da ruwa, na bi ta da sabulu. Muka cika ta ya wuce rabi da dagwalon, muka bar sama fili, muka ɗaure. Ta roƙe ni a ajiye ta a bayan rumfata don ɗakin kwanansu ba zai ɗauki warin ba. Kullum takan biyo ta duba geji ta rubuta. A kwana na uku allura ta motsa. A kwana na goma ta kai lamba ɗaya cif. Ta ce wannan na nufin iskar da ke ciki ta ninka ta waje sau biyu. Ta yi lissafinta, ta rubuta babi guda, ta kai wa malaminta. Ya yaba, ya ce bai taɓa ganin ɓawon doya ya yi sauri haka ba.

Ran da za a gwada wutar ta zo da mahaifiyarta a Keke Napep. Na haɗa tiyo da ɗan murhun da na ƙera. Rifkatu ta buɗe bawul, iska ta fito da huci, ta kyasta ashana ta kai. Ashanar ta mutu. Ta kyasta wata, ita ma ta mutu, kamar an hura ta. Sai da ta ƙarar da rabin kwali. Na miƙa hannu na rufe bawul ɗin don kada iskar ta ƙare. Mahaifiyar ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Bari in koma, na bar doya a wuta." Ta juya ta tafi.

Rifkatu ta juyo ta ce, "Baba, tukunyar nan tana yoyo."

Na ce, "In tana yoyo allura za ta sauka. Kin taɓa ganin ta sauka?"

Ta ce a'a. Duk da haka na ɗauko gwangwanin sabulu na bi kowane ɗinki da kowane noti a gabanta. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ta zauna a kan tsohuwar taya ta buɗe littafinta tana bin lambobi da yatsa. Ni kuma ina tsaye ina kallon allurar, sai na ji kamar na taɓa tsayawa a wurin nan. Geji ya ce akwai, abin da ke ciki kuma ba shi ne ake zato ba.

Na ce, "'Yata, ran da muka ɗaure murfin nan, me ke cikin filin da muka bari a sama?"

Ta ce, "Babu komai. Geji yana kan sifili."

Na ɗauko kwalbar lemo da babu komai a ciki na dulmiya ta a bokitin ruwa. Ta yi ta ɓulɓul. Na ce, "Wannan ma babu komai a cikinta."

Ta daɗe tana kallon bokitin. Sannan ta dafe goshi ta ce, "Iskar waje. Mun rufe ta a ciki, kuma ban taɓa fitar da ita ba." Ta jawo littafin ta fara zane a bangon baya, tana magana da sauri har na ce ta sassauta. Ta ce, "Baba, gejin nan kamar sikeli ne da aka ɗora wa buhu. Zai gaya maka nauyin buhun. Ba zai gaya maka nawa ne shinkafa nawa ne tsakuwa ba. In iska iri uku ce a tukunya, kowacce tana tura bango da nata ƙarfin, kamar ita kaɗai ce a ciki. Geji tara su yake yi ya ba ka jimla. Mun yi wannan a aji biyu, rabon kowace iska a cikin matsin. Na ci jarrabawarsa ma."

Na tambaye ta iri nawa ne a tamu. Ta lissafa da yatsu. Akwai iskar waje da muka rufe. Akwai irin wadda ke fita in an buɗe lemon kwalba, wadda ke kashe wuta. Sai wadda muke nema, mai ci da wuta, da ta kira metan. Ta ce a littafi an ce kashi shida cikin goma na abin da ruɓa ke bayarwa metan ne, ita kuma ta ɗauki wannan ta ninka da abin da geji ya nuna, ba ta auna nata ba.

Na ba ta labarin tukunyar kabaid. Ta ce, "Ai shi ke nan. Duk safiya da kake buɗe ta iskar waje na shiga. Iskar kabaid ita kaɗai ba ta ci a cikin tukunya sai ta samu iskar waje. Iskar farko haɗin biyun ce, shi ya sa ogan naka ke zubar da ita." Abin da na yi shekara ashirin ina juyawa, ta warware shi a numfashi uku tana kallon littafinta. Na ce mata to, na je na ɗauko sifana da ba na bukata.

Washegari ta zo da babbar sirinji da sodar masu sabulu da ta jiƙa a kwalba. Ta zuƙi iskar tukunya har layi na goma, ta zuƙi ɗan ruwan sodar, ta toshe bakin ta girgiza. Ina kallo hannun sirinjin ya fara shigewa da kansa. Ta ce sodar ce ke haɗiye iskar lemon kwalba. Ya tsaya bayan ya ci layi huɗu. Cikin shidan da suka rage, ta ce kusan biyar tsohuwar iskar waje ce, tunda ita ce rabin abin da ke ciki. Metan bai wuce layi ɗaya ba. A babin da ta kai wa malaminta, uku ta rubuta. Ɓawon ya yi yawa a haɗin, ya yi tsami, ya yi ta ba da iskar da ba ta ci. Ta kuma gano wani abin a littafin: wasu ranaku da safe ta duba geji, wasu da rana tsaka, alhali tukunyar ƙarfe in ta sha rana allura kan ƙara hawa ba tare da an samu ƙarin komai ba.

Saura kwana goma sha takwas su tsaya gaban malamai su kare aikinsu. Sabon haɗi kuwa, in za a yi shi daidai, zai ci wata guda ko fiye. Ta zauna a kan tayar nan da sirinji a hannu.

Ta ce, "Babu wanda zai buɗe tukunyar ya duba. Lambar geji gaskiya ce, na gan ta da idona."

Na ce, "Gaskiya ce."

Ta ce, "In ban kare da 'yan ajinmu ba, za su tafi bautar ƙasa su bar ni. Mama ta gaya wa kowa a coci."

Na ce, "Ni ba zan je Gidan Kwano in faɗa wa kowa komai ba, ba hurumina ba ne. Amma babbar da kika ce in haɗa wa Mamanki, da wace lamba zan auna ta? Da ukun ko da ɗayan?"

Ta wanke sirinjin, ta sa a jaka, ta ce sai anjima. Kwana uku ban gan ta ba, har na fara tunanin inda zan zubar da dagwalon. A rana ta huɗu sai ga ta da buhun kashin shanu a bayan mashin. Ta ce ta je ta gaya wa malamin da bakinta. Ya ɗauko babin ya mayar mata, ya ce ta sake daga farko, kuma ba za ta kare a wannan zangon ba. Ta faɗi wannan tana kwance bakin buhu, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, ina sifana mai lamba sha bakwai?"

A karo na biyu muka rage ɓawo, muka ƙara kashin shanu, ta zuba ɗan toka don ya kashe tsamin. Na ƙara mata wani ƙaramin bawul a murfi mai bakin roba, daidai sirinji. Duk lokacin da allura ta hau a makon farko muka buɗe muka saki, har sau uku, sai da ta tabbata tsohuwar iskar ta fita. Kullum ƙarfe bakwai na safe take zuwa, kafin rana ta taɓa ƙarfen. Ta duba geji, ta zuƙa, ta girgiza, ta rubuta lamba biyu maimakon ɗaya. Ranar da 'yan ajinta suka gama, motocinsu suka bi ta bakin titi da fararen riguna da aka yi wa rubutu, suna ta oda. Tana tsugune tana girgiza sirinji. Ta bi su da ido har suka wuce, ta koma ta karanta layin.

A mako na biyar soda ta haɗiye layi huɗu da ɗan ɗori, abin da ya rage kuma da ta tura shi kan ashana ya kama, siririyar wuta shuɗiya da ba a ganinta sosai a rana. Abin da ta rubuta a ƙarshe shi ne ɓawon doya na ba da iskar girki, amma ba a kwana goma ba, kuma ba da yawan da ta fara faɗa ba. Da wannan ta kare aikinta a zangon da ya biyo baya. Ban je ba. Ta ce tambayar da suka fi yi mata a kan sirinjin ce.

Da sabuwar lambar na auna babbar, ta fito kusan ninki biyun abin da muka fara tsarawa. Sai da mutum huɗu suka sauke ta daga mota a bayan rumfar mahaifiyarta a Fadikpe. Matar ba ta so ba da farko. Ta ce masu cin abinci za su ji wari, kuma ta riga ta ga ashanar da ta mutu sau ɗaya. Na nuna mata robar murfin da ruwan sabulu, na ce in ta ji wari ko sau ɗaya ta aiko in zo in ɗauke. Muka cika, muka ɗaure, muka yi makonni muna saki muna jira. Rifkatu ta auna, ta yi lissafi, ta ce in allura ta kai inda muke so, wutar za ta ci minti hamsin kafin ta mutu.

Ranar wata Talata da hantsi muka gwada. Mahaifiyar ta ɗora tukunyar miyar egusi a kan murhun, ta ja baya ta harɗe hannu. Rifkatu ta buɗe bawul ta kyasta ashana, wuta ta kama zagaye, ba hayaƙi, ba ƙara. Ta danna agogon wayarta. Masu daka sakwara suka ajiye taɓare suka zo kallo. Uwar ta matso a hankali, ta ɗauki ludayi ta fara juya miya, tana sunkuyar da kai gefe kamar yadda ta saba kauce wa hayaƙi, har ta lura babu abin kaucewa ta miƙe. Ni ina gefen tukunyar ina kallon allura na sauka sannu a hankali. Da ta kusa ƙasa wutar ta fara gajarta, ta koma kamar ƙwayar wake a kowane rami, sannan ta ɗauke.

Rifkatu ta duba waya ta ce, "Arba'in da shida." Ta buɗe littafin ta rubuta arba'in da shida a gefen hamsin ɗinta, ta ja layi a ƙarƙashi, ta tsaya tana tunanin inda huɗun suka tafi.

Uwar ta ɗanɗana miyar ta ce ta yi. Ta sauke ta, ta koma murhun itace ta hura wuta don tuwo, hayaƙi ya turnuƙe ta kamar kullum. Daga cikin hayaƙin ta ɗago ta ce wa masu firar doya kada wanda ya ƙara zubar da ɓawo a bola. Sannan ta nuna mini wani fili a bayan randunan ruwa da ludayin da ke hannunta.

Ta ce, "Malam Haladu, auna can. Tuwo ya fi miya cin wuta."